Mubashir da Hitar Ɗaki a Zafin Dubai

Akwai wani ɗan Jos mai suna Mubashir, dillali ne a kasuwar Al Sabkha ta Dubai. Yana saya wa 'yan kasuwar gida kaya, ya loda musu a kwantena. Babbar kwastomarsa ɗaya ce, Hajiya Ummulkhair. In ta bar shi, sai dai ya haɗa jakarsa ya koma gida.

Bana ta zo sayen hitar ɗaki mai aiki da kananzir, saboda mutanen Jos da Gembu da sanyi ke gasa wa aya a hannu.

To ku ji al'adar kasuwar. A Dubai babu mai kunna hita don gwaji, wa zai ƙara wuta a kan wuta? Ana ɗaga kwali ne, in ya yi nauyi a ce mai kyau ne.

Mubashir ya ce shi ba zai loda abin da bai kunna ba.

Wani dillali, Aminullahi, mai baki kamar reza, ya samu abin dariya. "Habibi, sanyi kake ji a Dubai? A kawo masa bargo!" Sannan ya zagaya wajen Hajiya, ya nuna mata wata hita mai araha. "Yalla, mu hanzarta Hajiya, kwantena ba ta jiran mai bincike."

Gaskiya Hajiya ta karkata. Ta kira Mubashir ta ce, "Ɗana, ka cika nawa. Zan bi Aminullahi."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya danne. "Hajiya, alfarma ɗaya. Ki zo sitonmu na Al Qusais da shi da hitarsa. In kin gani, khalas, shi ke nan, duk wanda kika zaɓa na yarda."

Suka zo. Mubashir ya kashe na'urar sanyi, ya zuba wa tasa hitar da ta Aminullahi kananzir daidai wa daida, ya kunna. Zufa ta wanke kowa, babbar rigar Aminullahi ta manne masa a baya.

Ta Mubashir ta kama da wuta shuɗiya, shiru, ba ƙauri. Ta Aminullahi kuwa sai jar wuta da baƙin hayaƙi. Hajiya ta fara tari, idanunta suna hawaye. Ba a jima ba mai arahar ta shanye manta ta mutu, ɗayar ko rabi ba ta ci ba.

Mubashir ya ce, "Hajiya, wannan a sito ne mai faɗi. Can gida ɗaki ake rufewa, da jarirai a ciki. Man da ta ƙona a banza kuma sama yake tafiya, ya ƙara ɓata mana iska."

Aminullahi ya buɗe baki, tari ya riga shi.

Hajiya ta share ido ta ce, "Jikokina ma da hitar da zan saya za su ji ɗumi. Mubashir, cika min kwantenar da taka. Kuma zan gaya wa matan ƙungiyarmu, duk mai sayen hita ta zo wajenka."

Wallahi har ni mai ba ku labari na ji daɗi. Kafin sanyi ya shiga, Mubashir ya loda wa mata da dama kaya, kowacce da sharaɗinta: sai an kunna a gabanta.

Darasi: Araha ba ta ado. Kada dariyar mutane ta hana ka gwada abin da zai shiga ɗakin wani. Abin da ke cin mai kaɗan yana kare aljihu, ƙirji da iskar da muke shaƙa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu fatauci.