Ɗigon Ruwa a Gindin Ɗakin Tsohuwa

Akwai wani mutum da ya gaji gida tare da ƙanensa. Suka yi saɓani wajen rabo, suka ja katanga a tsakiya, har gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. Mahaifiyarsu, tsohuwa, ta zauna a ɓangaren wan, a ɗakinta na ƙasa. Amma bututun ruwan gidan ɗaya ne, makullin rufe ruwan kuwa ya faɗa a ɓangaren ƙanen.

Wata rana mahaɗin bututun, wato inda bututu biyu suka haɗu aka ɗaure su da noti, ya fara ɗiga a gindin ɗakin tsohuwa. Mutumin ya kira mai gyaran famfo, ya duba, ya ce, "Maigida, robar ciki ce ta cinye. Amma ba a kwance mahaɗi ruwa na gudu. Ka ce wa ƙanenka ya rufe."

Mutumin ya ce, "Ni in yi sallama a ƙofarsa? Bar shi, na san yadda zan yi."

Ya yanko robar tayar keke, ya naɗe wurin tamau. Ido ya daina ganin ɗigo, amma ruwan bai tsaya ba, bin bututu ya yi yana shiga ƙasa. Matarsa ta ce, "Baban Rahila, wurin nan fa ba ya bushewa." Ya ƙara roba a kan roba. Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ɗakina ya yi sanyi. Ka je wurin ɗan'uwanka mana." Sai ya sayo mata bargo.

Ran nan da rana tsaka, tsohuwa tana kwance tana hutawa, bangon da ya jiƙe ya zube a kanta. Ƙanen ya ji ƙara, ya haura katangar da gudu, su biyu suka tone ƙasar da hannu. Kafin a kai ta asibiti ta cika. Ƙanen yana kuka ya ce, "Yaya, ko matarka ka aiko, ai da na rufe."

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Mahaɗin shi ne zumunci, ɗigon kuma saɓanin da muke ƙin gyarawa. Robar ita ce dabarunmu: mu canja benci a coci, mu ƙara baikon da muke ba Ubangiji, mu ɗaga murya a waƙa don kada a lura. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne, mutumin nan yana ƙaunar uwarsa. Ya yarda ya yi mata kome, sai tafiyar nan guda. Ubangiji ba ya karɓar roba a madadin sulhu, kuma bangon ba lalle a kan mai girman kai yake faɗuwa ba. Sau da yawa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ne yake kwance a ciki. Idan akwai ƙofar da ka daina sallama a bakinta, ka je yau, tun waɗanda kuke ƙauna suna da rai.