Asirin Inna Tabawa

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a cinya. Ga ta nan gare ku, amma ta yau ta gardama ce, babu mai tashi sai ya faɗi nasa.

A garin Gurbin Marke akwai wata dattijuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya uku: Haladu ɗan fari, Barira ta tsakiya, sai Mudi auta. Irin mutanen da ce, waɗanda ko ciwo ya kai su ƙasa, in ka tambaye su jiki sai su ce da sauƙi. Wata shekara bayan girbi aka ga tana ramewa. Ta daina zuwa unguwa, ta koma salla a zaune, tafin hannunta ya yi fari fat. Hankalin 'ya'yan ya tashi, don kuwa haka mahaifinsu ya fara, yana cewa da sauƙi har aka kai shi makwancinsa. Suka kai ta asibiti, likita namiji ya tambaye ta inda ke ciwo, ta sunkuyar da kai ta ce zazzaɓi ne. Aka ba ta maganin zazzaɓi, aka dawo gida.

Haladu yana birni, yana aikin abin nan da kuke kira ƙirƙirarriyar basira. Shi ko sunansa Inna ba ta faɗa, balle ta gaya masa abin da ke damun jikinta. Kun san kunyar ɗan fari. Abin ya daɗe yana cin ransa. Shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna koya wa wata manhaja Hausar tsofaffi da ilimin likitoci, har ta iya tambaya da ladabi, ta iya haƙurin jiran amsa. Ya kafa mata doka ɗaya: abin da aka gaya mata ba ta kai shi kunnen kowa sai mai maganar ya yarda, ko da shi Haladun ne ya tambaya. Ya ce in ba haka ba, babu uwar da za ta buɗe mata baki. Ya sa ta a waya ya aiko gida.

Da wayar ta iso, Inna ta ce a kawar da ita, ita ba ta hira da ƙarfe. Barira ce ta ɗauki wannan aikin. Kullum da hantsi ta baro gidan mijinta da ke maƙwabtaka ta zauna a gaban Inna, tana gaya wa manhajar nata ciwon, har wanda ko miji ba a gaya wa, don Inna ta ga ba a dariya kuma ba a tsegumi. Da ta ga tsohuwa ta fara kasa kunne, sai ta dafa gwiwarta ta ce, "Inna, tsakanina da Allah, abin da kika gaya mata ba mai ji."

"Ko ke?" in ji Inna.

"Ko ni."

Barira ta fita ta ja ƙofa. A ranar Inna ta faɗi abin da take ɓoyewa: jini ne ke zubar mata, ita da ta daɗe da barin al'ada. Manhajar ta yi 'yan tambayoyi, sannan ta ce wannan ba zazzaɓi ba ne, a tafi babban asibiti ba da ɓata lokaci ba, kuma ta roƙi izini ta sanar da Barira. Inna ta ce, "Ki rufa mini asiri." Ta kuwa rufa. Kullum tana roƙo, kullum Inna tana cewa sai gobe, jini kuma bai tsaya ba.

Shi Mudi direba ne, kuma tun farko bai yarda da abin ba. Cewa yake abin da bai san kunya ba, ina zai san amana? Da ya ga jikin uwarsa na ƙara lalacewa, ya ɗauki wayar ya tambaye ta me ke damun Inna. Ta ce, "Maganar Inna ce, ita za ta gaya maka. Amma kada ka yi nisa da gida." Washegari bai fita da mota ba, ya laɓe a bayan taga Inna na magana da manhajar, ya ji komai daga farko har ƙarshe. Ya banka ƙofa ya sungumi tsohuwa kamar dami, tana kuka tana dukan bayansa, shi kuma yana kwarmata wa yayarsa ta kan katanga, "Yaya Barira, fito, jini ne!" Duk unguwa sai da ta ji. A asibiti Inna ta kulle baki, Mudi ne ya zayyana wa likita duk abin da ya tsinta a bayan taga. Aka ƙara mata jini, aka yi mata aiki. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai ta'aziyya.

Inna ta tashi. Amma tun da ta dawo ta jefa wayar a ƙasan adudu, kuma ba ta leƙa ƙofar gida saboda kunya. Matan unguwa da suka fara karɓar manhajar duk suka goge ta, suka ce ashe maganar tana fita. Haladu ya yi bayani har ya gaji cewa ba manhajar ce ta tona ba, ba wanda ya saurare shi. Abin da ke hana ni sukuni kuwa, maƙwabciyarsu Goggo Dije ta fara salla a zaune. An tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

To, Inna tana da zoben azurfa da ta gada wurin mahaifiyarta. Ta ba ƙanenta ta ce a kai wa wanda ya ceci ranta bayan Allah, ba ta kuma ambaci suna ba. Dangi suka taru, aka kasa rabuwa.

Masu goyon Haladu suka ce ba don manhajarsa ba, da har yanzu maganin zazzaɓi ake sha. Aka ce musu ai dokarsa ce ta sa manhajar ta yi shiru tana kallon uwarsa na ƙarewa.

Masu goyon Barira suka ce ba don alkawarinta ba, da wayar ta zama ƙarfen banza. Aka ce musu ai ta ɗauki alkawarin abin da ba a hannunta yake ba, ta ja ƙofa ta bar tsohuwa da ciwonta.

Masu goyon Mudi suka ce shi ya ɗauke ta ya kai asibiti, ba don shi ba da an daɗe da share makoki. Aka ce musu ai laɓe ya yi, ya tona asirin uwarsa a bainar jama'a, kuma shi ya rufe bakin sauran matan gari, har da Goggo Dije.

Zoben yana nan a aljihun kawunsu har yau. Ni dai na kawo muku ita iyakar inda na sani. To, ku gaya mini, wanne za a ba a cikinsu: wanda ya gina mai riƙon amana, ko wadda ta sa aka ba da amanar, ko wanda ya karya ta har uwarsu ta rayu?