Kwalin Sigari da Gwiwar Inna Harue

Yatsa nawa ya kamata a bari tsakanin cikin tsohuwar mota da kwalta? Na san halinku, 'yan wannan shafi. Wasu za su ce biyu, wasu huɗu, a wuni ana musu. Kafin ku fara, ku karanta wannan tukuna.

Akwai wani saurayi a Takehara, wani gari na bakin teku, mai suna Tomoaki, wanda ya gaji motar mahaifinsa Sadao, 'yar ƙofa biyu ƙirar 1973, mai launin ruwan zuma. Shekara uku ya yi yana gyaranta. Da ya gama da inji da fenti, sai ya koma kan sifirin da ke ɗaga jikinta daga ƙasa. Ya rage, ya ja da baya ya duba, ya ƙara ragewa, har motar ta laɓe a ƙasa kamar kyanwa ta hango ɓera.

Gaskiya ta yi kyau. Duk wanda ya ce ba ta yi ba, hassada ce.

Kowace Lahadi da safe masu tsofaffin motoci kan haɗu a filin da ke bakin tashar jirgin fito. Ma'auninsu ɗaya ne tun zamanin iyayensu: kwalin sigari. A tura shi ƙarƙashin mota. In ya shige a tsaye, taka motar cefane ce. In sai an kwantar da shi ta gefe, ka fara zama mutum. Ta Tomoaki kuwa, sai an shimfiɗe kwalin a bayansa yake shiga.

Cikin masu zuwa akwai Baba Genzo, tsohon abokin mahaifinsa, ɗan shekara saba'in da 'yan kai. Motarsa sa'ar ta Tomoaki ce, ita ma an sauke ta, amma kwali na wucewa a tsaye har da sauran fili. Matarsa, Inna Tokiko, kullum tana kujerar gaba da filas ɗin shayi a cinya.

Tomoaki ba ya ganinsu ya ƙyale.

"Baba, yau ma da tarakta aka zo? Ina tsanin da Inna take hawa da shi?"

"Na manta shi a gida, ɗana. Kai kuma na ga ka zo da tsintsiyarka. Hukuma ta gode, titi ya yi fes."

Aka yi dariya. Tomoaki ya leƙa but ɗin tsohon, ya ga dogayen katakai biyu da suka sha duniya.

"Har yanzu kana yawo da waɗannan? Gida za ka gina? Baba, ka bar mini motar nan kwana biyu in sauke maka ita ta zama mota. Kwali har kaɗaici yake ji a ƙarƙashinta."

Baba Genzo ya kurɓi shayinsa. "Ni ba da kwali nake awo ba. Da gwiwa nake yi."

Ba wanda ya gane. Tomoaki ya ƙyafta wa abokinsa Daigo ido, wato tsufa ne.

Ana nan, lokacin addu'ar shekara bakwai da rasuwar Sadao ya zo. Kabarinsa yana tsibirinsu na asali, a haikalin da ke saman tudu, kuma malamin haikalin ya ba su ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Asabar. Mahaifiyar Tomoaki, Inna Harue, abu ɗaya ta roƙa.

"A motar nan ubanka ya ɗauko ni daga tsibirin ina amarya. Ina so in je masa a cikinta."

Tomoaki ya yi mata alkawari, ya kuma bi duk wanda ya sani ya gaya masa. Da labarin ya kai kunnen Baba Genzo, sai ya kira shi gefe.

"Ka hau jirgin ƙarfe bakwai. Ranar Asabar wata zai cika."

"Baba, jirgi zan hau, ba wata ba. Na tara da arba'in ya ishe mu. Sai na goge ta tukuna, dangi duk za su gani."

Tsohon ya kaɗa kai ya koma wajen motarsa.

Ranar Asabar motar ta fito tana ƙyalli. Inna Harue ta zo da akwatin dunƙulen shinkafa mai jan wake, wanda marigayin yake so. Ta dafa ƙofa, ta sunkuya, ta nemi kujera ba ta same ta a inda ta saba ba, sai ta faɗa ciki tim. Ta yamutse fuska, ta shafa gwiwa. Tomoaki ya gani, amma hankalinsa na kan wani ɗan tabo a jikin madubi.

Da suka isa tasha, sai Tomoaki ya ga abin da tsohon yake nufi. Teku ta cika maƙil, kamar yadda takan yi da hantsi idan wata ya cika. Jirgin ya taso sama, gadar ƙarfen da motoci ke bi su shiga ta miƙe kamar hawan dutse. Da ƙarfe bakwai a shimfiɗe take, ko keken jariri ya hau.

Ma'aikacin jirgin ya dubi motar, ya dubi gadar, ya sosa ƙeya. "Ɗan'uwa, da wuya fa."

"Za ta hau."

Ya saka giya, ya matsa a hankali. Ƙarrr. Haɓar motar ta ciji ƙarfe, ta tsaya cak. Ya fito ya kwanta a ƙasa da baƙaƙen kayansa na addu'a ya leƙa. Tsakanin kaskon baƙin mai na ƙarƙashin injin da bakin gadar bai fi kaurin takarda ba. In ya ƙara taku ɗaya ya fashe, kuma irin wannan kaskon an daina yin sa tun kafin a haife shi.

Motoci suka yi layi a bayansa. Ba wanda ya danna hon, kallo kawai suke yi, kuma wannan ya fi hon ciwo.

"Minti bakwai ya rage," in ji ma'aikacin. "Na gaba sai sha biyu. A rage mata nauyi mu gani, Mama ta ɗan fito."

Sha biyu kuwa malamin yana da wasu iyalin.

Inna Harue ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa. Sai ta dubi ɗanta. "Tomoaki, ai shiga ramin nan na iya. Fita kuma sai an kawo guga."

A lokacin ne ya ji ƙarar katako a kan siminti. Baba Genzo ne yake jawo katakansa biyu, Inna Tokiko na biye da shi tana mita.

"Tun shida da rabi muke nan. Jirgi ya tashi a gabanmu ina kallo, mutumin nan ya ce ba inda za mu sai ɗan Sadao ya zo. Shayi har ya huce."

Tomoaki ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga hannu. "Ajiye ta sai mun hau. Tokiko, kama wancan hannun."

Suka ciro Inna Harue, su ukun suna nishi suna dariya. Baba Genzo ya sa aka ɗan ja motar baya, ya jera katakan a gindin gadar. Ya yafito wani mai kai awara da ke cikin layi, da wasu mata biyu masu yawon keke, da ma'aikatan jirgin, ya tsayar da su a gefe da gefen motar.

"In na ce ɗaga, ku ɗaga. Kai kuma shiga. Ba a tunkarar gada gaba da gaba, a kaikaice ake zuwa mata, taya ɗaya bayan ɗaya. Karya sitiyari dama. Duka. Kada ka kalli gada, hannuna za ka kalla."

Tayar farko ta hau. Ta biyu ta bi. Da aka kai ƙarshen gadar, inda cikin mota zai goga, tsohon ya zaro katakan ya mayar gaba da saurin da ba wanda ya zata yana da shi.

"Ɗaga."

Mai awara ya yi wani nishi da ya sa matan nan suka kusa sakin motar don dariya. Motar ta tsallake, ko ƙwarzane ba ta ƙara ba. Fasinjojin da ke sama suka tafa.

Da jirgi ya kama hanya, suka zauna a benci, Inna Harue ta buɗe akwatinta ta ce marigayi ba zai ƙi a rage masa huɗu ba. Tomoaki ya tsaya a gaban tsohon, ya sunkuya sosai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, ka yafe mini. Amma a ina ka koyi wannan?"

Mahaifiyarsa ta kusa ƙwarewa. "Wai ba ka san wanda kake yi wa tsiya ba? Wannan fa shi ne Genzo Tartsatsi. A zamaninsu in motarsa ta wuce, wuta ake gani a kwalta. Ko a shimfiɗe kwali ba ya shiga ƙarƙashinta."

"To me ya sa ka ɗaga ta, Baba?"

Tsohon ya nuna matarsa da haɓa. "Gwiwarta ta fara ciwo, ta daina bina. Na yi Lahadi uku ina zuwa ni kaɗai da motar da ta fi ta kowa kyau. Sai na ga zaɓi biyu ne: ko kwali ya kasa shiga, ko matata ta iya fita."

"Ya yi wata guda yana tunani," in ji Inna Tokiko. "Kada ya cika maka baki."

Inna Harue ta goge yatsunta, ta dubi motar a ƙasa. "Ubanka bai yi ko kwana ɗaya ba. Ranar da likita ya ce ina da cikinka, bai ci abinci ba sai da ya ɗaga motar nan yatsa uku. Abokansa suka shekara suna kiransa direban tarakta. Wannan tsohon ne ma ya raɗa masa sunan."

Tomoaki ya juya ya kalli teku. Ya ce iska ce ta shigar masa ido, su kuma suka bar shi a haka.

Da taimakon katakan nan suka sauka a tsibiri. Suka isa haikali malamin yana shirin kunna turare, kuma a motar mijinta Inna Harue ta hau tudun.

Lahadin da ta biyo baya, motar ruwan zuma ta shigo filin tasha. Daigo ya ƙura mata ido, ya durƙusa ya tura kwali. Ya shige a tsaye.

"Jama'a, ku zo ku gani. Tomoaki ya sayi tarakta."

Tomoaki ya fito daga motar. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Inna Harue ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ta biyu, ta miƙe da kanta ba ta dafa kowa ba.

"Wa ya ce tarakta? Ya matso in gan shi."

Daigo ya ɓoye kwalinsa a aljihu.

Baba Genzo ya zagaye motar a hankali, ya sa yatsunsa a ƙasa ya auna. "Har yanzu ta fi tawa ƙasa da yatsa ɗaya."

"Gwiwar Inna ta fi ta Inna Tokiko ƙuruciya da shekara biyar, Baba. Da ita na auna."

Darasi: Kafin ka raina wanda ya sassauta, tambayi abin da ya sassauta dominsa, wataƙila ya riga ka zuwa inda kake taƙama da shi. Kuma duk abin da ka ƙawata har ya gagari masoyanka shiga da fita, to masu kallo ka yi wa, ba kanka ba. Ku tura wannan ga abokin nan naku da ba a iya gaya masa magana, sannan a makon nan ku ɗauki wani tsoho na gidanku ku fita da shi shan iska.