Abin da Zdenka Ta Nema a Cikin Amya

Akwai wata mata a ƙauyenmu na gindin duwatsun Sloveniya, sunanta Zdenka. Mijinta Lojze mai kiwon zuma ne. Shekara huɗu ke nan da ya bar giya, bayan ta kusa cinye masa hanta. Ran da aka sallamo shi daga asibiti, magana ɗaya ta yi masa: in ya sake kurɓa, za ta kwashe kayanta.

Bana kaka ta zo da albarka. Tuffa ta zuba har aka rasa kwando, kowane gida aka hura wutar dafa barasa. A lokacin ne Lojze ya fara ɓacewa. Da an ci abincin rana sai ya haura ɗakin amyoyinsa da ke bayan gona, ya yi awa guda, wani lokacin biyu.

"Me kake yi a can?" in ji Zdenka. "Zuman ai sun kwanta, sai bazara."

"Saurarensu nake yi."

"Saurare? Labaran duniya suke karanta maka?"

Ya yi murmushi ya fita.

Ganye ya gama zuba, ƙanƙara ta sauko, Kirsimeti ta matso. 'Yarsu za ta zo da mijinta da yara. Zdenka ta ɗauki alkawarin potica goma sha biyu, burodin nan mai gyaɗa da zabibi, kuma ita zabibinta a barasa take jiƙa shi, yadda uwarta ta koya mata. Ba ta zama, ba ta cin abinci sai a tsaye. Amma idonta na kan mijinta.

Ta shinshina rigarsa, ƙanshin kakin zuma kawai. Ta ja layi da fensir a jikin kwalbar da ke kicin, barasar ba ta taɓa sauka ba sai in ita ta zuba. Wannan ma bai kwantar mata da hankali ba. A ganinta, wanda bai taɓa ta gida ba yana da tasa a wani wuri.

Ƙanwarta Slavka, wadda ta zo taya ta kwaɓi, ta ƙara mata wuta.

"Haba Yaya, duk wayonki? Namiji ya bar ki da kwaɓi har gwiwar hannu, wai ya tafi sauraron ƙwari! Marigayi nawa a cikin takalmin ruwa yake ɓoye tasa."

"Na duba ko'ina."

"Har cikin amyar?"

"Ke ma kin san ba a buɗe amya cikin sanyi."

"To, shi ma ya san kin sani."

Saura kwana biyu Kirsimeti, Lojze ya tafi daji saro itacen ado. Zdenka ta goge hannunta ta haura.

A ɗakin akwai benci, da bargo, da ɗan gicciye a bango, da gajeren tiyon roba. Amyoyin suna jere kamar akwatunan kabad, ƙofofinsu ta ciki. Ta ɗaga bargon, ta leƙa ƙarƙashin bencin. Babu komai.

Shekara talatin tana auren mai zuma. Ta san cewa da hunturu ƙudan zuma suna dunƙulewa wuri guda suna ɗumama sarauniyarsu, in dunƙulen ya watse sanyi ya gama da su. Duk da haka ta buɗe ta farko, ta zare abin da aka toshe ta da shi, ta jawo saƙa. Ƙudan suka zubo ƙasa, suka ɗan yi rarrafe, suka tsaya. Ta buɗe ta biyu, ta zura hannu har ƙarshe.

Tana kama ƙofar ta uku sai ga Lojze a bakin ɗaki.

Bai yi tsawa ba. Ya durƙusa yana kwashe ƙudan a hularsa, yana hura musu numfashi, yana mayar da su. Sai da ya rufe amyoyin biyu sannan ya dube ta.

"Kin samu?"

Ta girgiza kai.

"Kwalba ɗaya ce a gidanmu, Zdenka, kuma tana kan teburinki a buɗe tun farkon wata. Ita nake gudu. Da kaka na guji ta maƙwabta. In na zo nan na yi shiru, sai in roƙi Yesu ya riƙe ni zuwa gobe. Shi ke nan aikin da nake yi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya. Kuma yaushe rabonki da zama, uwargida?"

Washegari da safe ta tuttule kwalbar a bayan gida, ta bar kwaɓi a hannun Slavka, ta bi shi. Ya zura tiyon a bakin amya ta farko, ya sa mata ɗaya gefen a kunne. Can ciki ta ji wani ɗan gurnani, siriri, amma yana nan.

Ya mayar da tiyon a ta biyu. Ta riƙe numfashinta. Ta jima tana jira. Babu motsi.

Lojze ya matsa mata a kan bencin, ya ja bargon ya rufe musu gwiwa. Daga can ƙasa Slavka tana ta ƙwala kira wai kwaɓi ya tashi yana zuba. Zdenka ta gyara zama a kan bencin.

Darasi: Zuciyar da ba ta samun zama, zargi take haifa, kuma zargi yakan kashe abin da yake raye lafiya. A cikin hidimar Kirsimetin nan, ku nemi awa guda ku yi shiru a gaban Ubangiji, ku kuma saurari na kusa da ku kafin ku bincike shi. Ku tura wa wanda kuka san bai zauna ba tun farkon wata.