Jagoran da Ya San Sunayen Rijiyoyi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnenmu a buɗe.

An yi fari. Zaki ya sa Malam Dila ya zaɓo mai kai dabbobi ruwa. Dila ya ce, "Wanda ya fi kawo sunayen rijiyoyi, shi ne jagora."

Aku ya zubo arba'in. Raƙumi ya ce, "Malam, ni hanyarsu kawai na sani."

"To, ba ka ci ba."

Kwana uku suna bin Aku, maƙogwaro ya bushe. Zaki ya ce wa Aku, "Ina rijiyar?"

"Ranka ya daɗe, a bakin fatake na ji sunayen. Ban taɓa zuwa ba."

Zaki ya dubi Dila. "Malam, ƙafa muke nema, kai ka gwada baki."

Dila ya sunkuyar da kai, ya bi bayan Raƙumi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu!