Kurege Mai Maganin Saiwa

Ga wata nan tafe gare ku, kowa ya gyara zama ya tare ta.

A shekarar da gobara ta cinye dajin Rafin Gora, ko inuwar da ƙadangare zai fake ba ta rage ba. Manyan namun daji suka yi ta gasuwa a rana. Shi kuwa Kurege yunwa ce ta dame shi, don gyaɗar da ya binne duk ta ƙone, cikinsa ya manne da bayansa.

Wata rana da hantsi yana yawon neman abin taɓawa, sai ya biyo ta bakin rafi, inda Baba Kunkuru, tsohon da ke renon itatuwa, yake aiki. Kurege ya leƙa ta shinge. Ya ga tsoho ya yanko reshe a karkace, ya zage ganyen ƙasa, ya tsoma gindin a ƙwarya mai ruwan kwakwa da ruwan ganyen zogale. Wani reshen ya dangwala masa zuma, wani ya barbaɗa masa farin gari, sannan ya kafa su a ƙasa mai yashi ƙarƙashin rumfa.

Kurege ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Miya kake yi wa itace?"

Kunkuru ya ce, "Maganin saiwa ne, ɗana. Shi ke taimakon reshe ya fid da saiwa da wuri. Amma kowane itace da halinsa. Zauna in koya maka, damina biyu ka iya."

"Damina biyu! Baba, ni in na ga abu sau ɗaya, na fi mai shi iyawa."

Ya yi gaba yana lasar baki. Cikin duk bayanin nan zuma da kwakwa kawai suka shiga kunnensa.

Da gari ya waye, Kurege ya naɗa rawanin ɓawon rama, ya liƙa gemun audugar rimi, ya nufi gidan Ɓauna yana taku ɗai-ɗai.

"Ni ne Malam Mai-Saiwa daga gabas! Na dasa sanda ta yi 'ya'ya, na dasa muciya ta yi inuwa!"

Ɓauna, wadda rana ta sa bayanta ya tsattsage, ta ce, "Allah gafarta Malam, inuwar nake nema. Me za a kawo?"

"Tulun zuma ɗaya da rassan ceɗiya ashirin. Kuma ki juya baya, maganin ba ya son ido."

Ɓauna ta juya. Kurege ya shige tulu har jela, ya lashe shi tas. Ya dama taɓo da ruwa, ya tsoma rassan, ya caccaka su a ƙasa. Bayan mako uku sai ga toho kore shar a kowane reshe, don ita ceɗiya ba sai an roƙe ta ba, ko ina aka kafa ta da danshi kamawa take. Shi kansa Kurege sai da ya buɗe baki da ya gani. Amma nan take ya gyara rawani ya ce, "Ai kaɗan ma na sa miki."

Da gari ya waye, ya ɗaura zanen ganyen ayaba, ya duƙa kan sanda kamar tsohuwa, ya sallama wa Kura. Kura ta shuka ɗorawa sau uku don ta samu daddawar miyar nama, ko ɗaya ba ta tsiro ba.

Kurege ya ƙanƙance murya ya ce, "'Yar nan, irinki barci yake yi. Ni ce Iya Mai-Tashin-Iri, ko dutse na yi wa tari sai ya tsiro. Kawo ɗorawa kwando uku da garinta, da kwakwa goma."

Kura ta kawo. Kurege ya shanye ruwan kwakwar, ya zauna ya tsotse garin ɗorawa har bakinsa ya yi rawaya. Garin haɗama haƙoransa suka karce ɓawon kowace ƙwaya, ya tofar da su a ramuka ya rufe. Ashe abin da irin ke jira ke nan, a ɗan karce ɓawonsa mai tauri ruwa ya samu hanya. Kwana goma sai ga ɗorawa ta fito layi-layi. Kura ta yi ta shewa tana cewa ba ta taɓa ganin tsohuwa mai albarkar baki irin wannan ba.

Labari ya kai wa Giwa, ta aika a kira mata Malam Mai-Saiwa.

Ta ce, "Malam, kaɗanya nake so, gindi ɗari. Ƙafafun 'ya'yana duk faso, ba man shafawa."

Kurege, wanda yanzu ya yi tumbi, ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗari kawai? Ni da na sa turmi ya yi fure! A kawo zuma tulu biyar, kwakwa hamsin, da garin gero buhu guda."

Ya dama fura da garin, ya zuba zuma, ya sha ya yi gyatsa. Rassan kaɗanya kuwa ya barbaɗa musu toka ya kafa su a tsakiyar rana. To, kaɗanya ba ceɗiya ba ce, ko gwani sai ya lallaɓa ta. Mako ɗaya suka yi yaushi, mako uku suka bushe ƙayau. Duk lokacin da Giwa ta zo dubawa sai ya tare ta daga nesa ya ce saiwa na jin kunya. Ran nan ta gaji, ta ce gobe za ta tara maƙwabta kowa ya ga gonarta.

Da gari ya waye, tun kafin rana ta yi zafi, Kurege ya tumɓuko ciyawa, ya yanke saiwoyinta, ya ɗaɗɗaure su a gindin rassan da zaren rama, ya mayar ya binne. Ya tsinko ɗanyen ganye ya maƙala da ƙaya. Yana gama na ƙarshe sai ga taro.

Ɓauna ta ce, "Ga malamina!"

Kurege ya ɗaga hannu ya ce, "Ku kalla da kyau, amma kada a taɓa!"

Kura ta karkata kunne ta ce, "Wannan murya kamar na san ta. Malam, kana da 'yar'uwa tsohuwa?"

"Duk danginmu haka muke magana."

Sai ga Baba Kunkuru ya iso a ƙarshe, yana jan ƙafa. Ya zagaya reshe ɗaya, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Wannan ai kansa aka binne, gindinsa na kallon sama." Ya ɗan ja shi a hankali, reshe ya fito salin-alin. Tsoho ya kai shi kusa da ido ya ce, "Na tsufa ina wannan aiki, ban taɓa ganin saiwa mai ƙulli ba."

Kurege ya ce, "Irin ta gabas ce, Baba! A can saiwa da ɗamararta take fitowa!"

Giwa ta matso kusa. Ta miƙo hanci ta shinshina Malam, ta ji zumarta tun daga rawani har ƙafa. Ta ja numfashi da ƙarfi, sai gemu ya ɓalle fit ya shige hancinta. Ta yi atishawa, rawani ya tashi sama, sai ga Kurege tsaye da tumbinsa.

Kura ta ce, "Iya!"

Ɓauna ta ce, "Malam!"

Kurege ya ce, "Ku tsaya in yi bayani," yana faɗa yana neman hanya. Giwa ta naɗe shi da hanci, ta juya shi sau uku, ta wurga. Ya bi ta saman ceɗiyoyin Ɓauna, ya wuce ɗorawar Kura, ya faɗa tim cikin sarƙaƙiya a hayin rafi.

Kunkuru ya tattara busassun rassan, ya ce wa Giwa ta samo masa ƙwayar kaɗanya sabuwar faɗuwa, wannan karon da iri za a fara, kuma ta tanadi haƙuri.

Kurege ya fito daga ƙaya da ƙulu a goshi, ido ɗaya a kumbure, yana ɗingishi. Ya hau suri ya ɗaga murya: "Biyu cikin uku sun kama! Ku nuna mini malamin da ya fi haka!" Da ya ga Ɓauna ta sunkuyar da ƙaho ta shigo ruwa, sai ya dira ya ranta a na kare.

Bai tsaya ba sai a dajin gaba. Nan ya hango Ungulu a kan kututture tana sosa sanƙon kanta. Ya karkaɗe jiki, ya gyara murya, ya matsa.

"Ranki ya daɗe, Hajiya. Kin san gashi ma saiwa gare shi? Akwai zuma a gidanki?"

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Wanda ya gamu da Ungulu ya dubi kanta, zai san yadda aikin ya kasance.