Barewa da Nonon Farko

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurara, Gwaggo.

Wata Barewa ce ta yi haihuwar fari a gindin kalgo, ba uwa kusa, ba kaka. Ta lashe ɗan tas, ya soma laluben nono. Ta tatsa ta duba, sai ga ɗan ruwa kaɗan, rawaya, mai kauri. Ta yi tagumi.

Sai ga Dila. "Barka da arziki, maijego. Tagumin me kike yi?"

"Malam Dila, nonona bai zo ba. Dubi abin da ke fita."

Dila ya kalli ɗan, ya haɗiye miyau. "Assha, wannan ai ruɓaɓɓe ne. Tatse ki zubar, ki ba shi ruwan tafki har farin ya zo."

Ta tatse ta zubar. Ɗan ya wuni yana kuka.

Washegari Dila ya dawo. "Ya yi fari?"

"Har yanzu rawaya ne."

"Zubar."

Ta zubar. Ɗan ya soma zawo, kukansa ya yi ƙasa.

Da gari ya sake wayewa, ga Dila. "Yau fa?"

"Malam, ɗana ko miƙewa ba ya yi."

"Haƙuri za ki yi. Zubar."

Ta zubar. Ran nan ɗan bai yi kuka ba.

Can sai wata tsohuwar Ɓauna ta biyo za ta tafki, ta tarar da Barewa tana tatsa a ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce ki zubar da dakashi, nonon farko?"

"Malam Dila ne, Iya. Wai ruɓaɓɓe ne, ga shi ba yawa."

"Kowace uwa da shi take farawa. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, kaɗan ɗin nan ya ishe shi, kuma shi ke tsare shi daga ciwo. Tsotson da yake yi ke kiran farin. Maza ki sa masa."

Barewa ta durƙusa ta kai masa nono baki. "Kama, ɗana. Kama mana."

Ya buɗe baki, amma ba ƙarfin tsotso. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Barewa ta bi bayan Ɓauna tafki ta gaya mata. Ko da ta dawo gindin kalgo, ba gawa, sai sawun Dila.

A ranar farin nono ya zo. Ya cika ya yi tauri, yana tsiyaya a ƙasa, ba mai sha. Barewa ta yi ta kuka, har hawaye suka bar mata baƙin zane a fuska. Zanen nan yana fuskar jikokinta har yau.

To, kun ji. Nonon farko ba a zubar da shi, komai ƙanƙantarsa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.